Gadon Feɗe Waƙa a Gaban Kyamara: Martani ga Masu Cewa Bai Dace da Fim Ba

Akwai ra'ayin da ake ji a tarukan ƙara wa juna sani, cewa ma'aunan adon harshe da muke nazarin waƙa da su ba su da hurumi a fim. Masu ra'ayin sukan ce hoto ba magana ba ne, don haka a bar fim ga masana sadarwa. Rabe-raben adon harshen da ake nufi, wato kamantawa da siffantawa da alamtarwa da jinsintarwa da kambamawa, sanannu ne (Gusau, 1993, Yahya, 2001, Ɗangambo, 2007). Ina ganin ra'ayin ya yi gaggawa, duk da cewa hujjojinsa sun cancanci amsa a tsanake.

Hujja ta farko ita ce kamantawa tana jingina ne da kalmomi irin su "kamar" da "tamkar", kyamara kuwa ba ta da su. Tana nuna abu ne kawai. Wannan gaskiya ne, amma hoto ɗaya tilo ya shafa, fim kuwa jerin hotuna ne. A fim ɗinsa na 1925 kan yajin aikin ma'aikata, Sergei Eisenstein na Tarayyar Sobiyat ya sarƙa hoton sojoji suna karkashe ma'aikata da hoton bijimi ana yanka shi a mahauta. Babu wanda ya furta komai, amma mai kallo ya gane an ɗauki mutanen dabbobin yanka. Mai tace hoto ya yi aikin da kalma take yi. Mai suka zai iya cewa, idan haka ne wannan siffantawa ce, tunda babu kalmar da ta shiga tsakani. Na yarda. Sai dai da wannan amsar ya riga ya hau gadon feɗe waƙa na Ɗangambo yana feɗe fim, abin da ya ce ba ya yiwuwa.

Suka ta biyu ta fi wuyar kawarwa. Mawaƙi yana zaɓen kowace kalma, kyamara kuwa tana kwasar duk abin da ke gabanta. Ta yaya manazarci zai san rufaffiyar ƙofar da ya gani alamtarwa ce, ba gidan da aka samu aro ne haka yake ba? Duk wanda ya san yadda aka riƙa shirya finafinan Kano tun daga Turmin Danya (1990), da ƙaramin jari da kyamarar bidiyo, ba zai raina wannan tambaya ba. Kuma ɗalibin da ya mai da kowace bishiya alama ya ba masu suka makami da hannunsa.

A nan dole in taƙaita da'awata. Ba na cewa kowane hoto ado ne. Abin da hujja za ta iya ɗauka shi ne, ana iya kiran hoto alamtarwa idan an maimaita shi, ko kyamara ta matso ta daɗe a kansa, ko kuma al'ada ta riga ta ɗora masa ma'ana tun kafin a ɗauke shi. Sharaɗi na uku ne ya fi yawa a wurinmu. Rawani da alkyabba, wanda ke kan kujera da wanda ya durƙusa, baƙon da aka tsayar a zaure da wanda aka shigar cikin gida: Bahaushe yana karanta waɗannan ba tare da tafinta ba. A fim ɗin Sangaya, labarin yarima da kuyanga, sutura da mazauni suna faɗin tazarar matsayi kafin baki ya buɗe.

Inda kuwa ra'ayin masu suka ya fi rauni, a ganina, shi ne fagen waƙoƙin fim. A nan baiti da hoto suna tafiya tare, wani lokaci hoton ya gaskata kambamawar da ke cikin baitin, wani lokaci ya saɓa mata. Masanin sadarwa da bai san karin waƙa da amsa-amo ba zai rasa rabin abin da ke faruwa, haka ma ɗalibin Hausa da ya kwafe baitocin a takarda ya kashe talabijin. Ga alama gyaran da ake buƙata a manhajar adabi ƙarami ne: a koya wa ɗalibin adabi nisan ɗauka da kusurwar kyamara da tace hoto a zangon da yake koyon jinsintarwa.