BABI NA UKU: TARIHIN SASSAƘAR KAYAN DAFA GIYA A YANKIN ARABA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin sana'ar sassaƙa a ƙasar Hausa baki ɗaya. Wannan babi kuwa zai taƙaita ne a kan reshe guda na sana'ar wanda ba a cika kula da shi ba, watau kayan itacen da ake kafawa domin ɗora tukwane da randuna da matatai wajen dafa giyar gargajiya a yankin Araba. Ba manufar babin ba ce ya koyar da dafa giya ko ya yabe ta, domin hukuncinta a Musulunci sananne ne. Abin da ake son nunawa shi ne, waɗannan itatuwa shaida ce ta tarihi. Sun ga jihadi, sun ga shata iyaka, sun ga fari da sauyin dokoki, amma fasahar yin su ta wanzu saboda tun asali ba na giya kaɗai ba ne.

3.1 Yankin Araba da Mutanensa

Araba gari ne a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato. Da an tsallaka iyaka sai Birnin Ƙonni. Kafin zuwan Turawa babu wannan iyaka, ƙasar ɗaya ce, inda Gobirawa da Adarawa da Fulani da Buzaye suke cuɗanya ta hanyar noma da kiwo da fatauci da auratayya. A wannan shiyya ce aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta a shekarar 1754, ya kuma tashi a Ɗegel.

Har wa yau, a shiyyar akwai Hausawan da suka daɗe a kan addinin gargajiya. A Ƙonni da Adar ana kiran su Azna ko Arna, a Maraɗi Anna, a Kano da Katsina kuwa Maguzawa. Garin Masallata da ke kusa da Birnin Ƙonni ya yi suna wajen bukin arwa, inda ake duban abin da shekara za ta zo da shi. Saboda haka duk bayanin da za a yi a kan giyar gargajiya a Araba dole ya haɗa da ƙasar Ƙonni.

3.2 Matsayin Giya a Rayuwar Arna

Dafa giya tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, da ya zo lissafa manyan mutanen zamanin Barbushe, ya ambaci Bugazau a matsayin mai dafa giya, a jere ɗaya da maƙeri da mai magani. Wannan ya nuna cewa a wancan zamani sana'ar tana da shugaba kamar sauran sana'o'i. Haka kuma Greenberg, a littafinsa na 1946 a kan Maguzawan Kano, ya nuna yadda giya ta shiga cikin tsafi da bukukuwansu.

Amfanin giya a wurin Arna ya kasu gida uku. Na farko, da ita ake sallamar 'yan gayya idan an yi noman taro. Na biyu, ana shan ta a bukin aure da na mutuwa da sauran bukukuwan shekara. Na uku, ana zuba ta a wurin tsafi tare da jinin abin da aka yanka. Dafawa aikin mata ne, kuma hanyar samun kuɗi ce a gare su, amma sarar itace da sassaƙa aikin maza ne. Ke nan mai dafa giya ba ta da yadda za ta yi sai da masassaƙi da maginiyar tukwane.

3.3 Matakan Dafawa da Kayan da Suke Bukata

Ba za a fahimci siffar kayan ba sai an san aikin da suke yi. Giyar da aka fi sani ita ce burkutu, wadda ake yi da dawa, musamman ja, wani lokaci a haɗa da gero. Akan jiƙa dawar, a shimfiɗa ta a rufe har ta tsira cikin 'yan kwanaki, sa'an nan a shanya ta, a daka ko a niƙa. Daga nan sai a dama garin da ruwa a dafa, a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a tace, a bar shi ya huce. A ƙarshe akan zuba shi a tsohuwar randa ko a sa masa ragowar giyar baya domin ya tashi. Aikin yakan ci kusan mako guda, ita kuwa giyar ba ta jimirin ajiya, bayan kwana ɗaya ko biyu sai tsami ya ɓata ta.

Idan aka lura za a ga matsaloli uku. Tsiron da aka shanya yana bukatar a nisanta shi da kaji da awaki. Tacewa tana bukatar a ɗaga mataci sama da mazubi. Randa kuwa gindinta a kewaye yake, ba ta zama da kanta. Kowace matsala akwai kayan itacen da aka tanada dominta.

3.4 Ire-iren Kayan da Yadda Ake Yin Su

3.4.1 Gwafa Mai Baki Uku

Wannan shi ne mazaunin randa ko tulu. Masassaƙi yakan shiga daji ya nemi itacen da ya rabu gida uku a wuri ɗaya, ya sare shi da gatari, ya fere ɓawon, ya daidaita bakunan da gizago yadda cikin randa zai zauna daram. Sai a haƙa rami a kafa gindin, a cike da ƙasa a daddaɓe. Hikimar baki uku ita ce hikimar murhu: abin da ya dogara a wuri uku ba ya girgiɗi, ko da ɗaya ya ɗara sauran tsawo. Nauyin da gwafa take ɗauka ba kaɗan ba ne, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, randa mai cin lita 40 ke nan ta haura kilo 40 in an haɗa da nauyin yumɓunta. Akan sa gammo ko tsumma tsakanin itace da randa don kada ta tsage.

3.4.2 Mazaunin Mataci

Akan kafa dirkoki huɗu masu baki biyu, tsawonsu daidai ƙugun mai aiki, a gitta sanduna a kansu, a ɗaure da igiyar rama ko ɓawon kalgo ko kaba. A tsakiya ake zaunar da kwando wanda aka shimfiɗa wa ciyawa mai laushi, a ƙarƙashi kuma a ajiye kwatarniya. Ruwan yakan tsiyaye a hankali, dusar da ta rage a ba dabbobi. Ba a amfani da ƙusa, kuma dalilin bai tsaya ga tsadar ƙarfe a da ba. Danshi da tsami suna sa ƙusa tsatsa, kuma tana tsaga busasshen itace, alhali igiya idan ta ruɓe sauya ta ba wuya.

3.4.3 Rumfar Shanya

Ita ma da dirkoki ake yin ta, sai dai ta fi tsawo da faɗi. Akan jera kara ko sanduna a sama, a shimfiɗa tabarma ko zana, a baza tsiron dawa. Iska tana ratsa shi ta sama da ƙasa, ya bushe da wuri ba tare da ya yi fumfuna ba.

3.4.4 Sauran Kaya da Zaɓen Itace

Bayan waɗannan akwai turmi da taɓarya, da doguwar muciya ta juya tukunya, da 'yar kujera. Abin da za a kafa a ƙasa, babban abokin gabansa gara ce, don haka akan fi son ƙirya ko marke ko kanya ko aduwa saboda taurinsu, wasu kuma sukan babbaka gindin kafin su binne. Ƙirya ce kan gaba wajen turmi, ɗanya kuwa saboda sauƙin sassaƙarta an fi yin akushi da ita. Gawo duk da yawansa a gonaki ba a cika kafa shi ba, domin ba ya jimiri, ga shi kuma manomi yana son sa a tsaye saboda ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi.

3.5 Tasirin Jihadi

Jihadin da ya fara a 1804, ya kai ga faɗuwar Alƙalawa a 1808, ya mayar da shari'ar Musulunci dokar ƙasa, shan giya ya zama laifin da ke da haddi a kan Musulmi. Waɗanda suka zauna a kan addinin gargajiya a ƙarƙashin amana an bar su da al'adunsu bisa sharaɗin biyan jiziya. Sakamakon haka giya ta fita daga birane da fada, ta koma ƙauyukan Arna. A ƙarshen ƙarni na 19 Marafa Muhammadu Maiturare ya kafa Gwadabawa, ya tara jama'a a arewacin Sakkwato, abin da ya ƙara ƙarfin Musulunci a shiyyar da Araba take.

A nan ne muhimmin batu yake. Wanda ya musulunta yakan bar giya, amma ba ya tumɓuke gwafar gidansa, sai dai randar ruwan sha ta maye gurbin ta giya. Mazaunin mataci ya ci gaba da aiki wajen tace gasara da tokar miya, rumfar shanya ta koma ta kuɓewa da barkono da harawa. Masassaƙi bai rasa kasuwa ba, abin da ake ɗorawa ne ya sauya.

3.6 Zuwan Turawa da Shata Iyaka

A watan Mayu na 1899 rundunar Faransawa ta Bule da Shanuwan ta ƙone Birnin Ƙonni ta kashe jama'a masu yawa, a watan Maris na 1903 kuma Ingilishi suka ci Sakkwato. Yarjejeniyar 1898 ta bar wa Ingila duk ƙasar da ke cikin mil 100 daga Sakkwato, har da Ƙonni. Amma da Faransawa suka nemi hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, sai aka sake shata iyakar a 1904 da 1906, Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, Araba ta zauna a hannun Ingila.

Daga nan dangi ɗaya suka shiga ƙarƙashin doka biyu. A ɓangaren Ingila, bisa yarjejeniyar Burasal ta 1890, an sa Arewa cikin yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai. Giyar gargajiya kuwa an bar sha'aninta a hannun hukumar En'e da alƙalai, waɗanda a lardin Sakkwato ba su sassauta mata ba. A ɓangaren Faransa an rage ƙarfin kotunan alƙalai, Azna suka ci gaba da bukukuwansu a fili. Wannan ne ya sa al'adar ta fi daɗewa a arewacin iyaka, alhali masassaƙa na ɓangarorin biyu kasuwanni ɗaya suke ci.

3.7 Daga Samun 'Yancin Kai Zuwa Yau

Dokar Final Kod ta Arewa, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, ta haramta wa Musulmi shan giya a sashe na 403. A daidai wannan zamani giyar kwalba ta yaɗu, daga kamfanin Nigerian Breweries da aka kafa a 1946, da kuma Braniger na Yamai. Masu dafa burkutu a barikoki da unguwannin baƙi su ma sun sauya kaya: durom na ƙarfe mai cin lita 200 ya maye gurbin tukunya, injin niƙa ya maye gurbin turmi, buhu ya maye gurbin kwando. Durom gindinsa a baje yake, ba ya bukatar gwafa.

Bugu da ƙari, farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa, sarar itacen girki da ƙona gawayi suka ƙara rage ƙirya da marke. Masassaƙa suka koma ga dogonyaro, wanda aka shigo da shi zamanin Turawa. A shekarar 2000 jihar Sakkwato ta bi sahun Zamfara wajen ƙaddamar da shari'ar Musulunci, aka hana yin giya da sayar da ita a fili. Rufe iyakar da aka yi daga 1984 zuwa 1986, da 2019 zuwa 2020, da 2023 zuwa 2024 ya taɓa cinikin da ke tsakanin kasuwar Illela ta ranar Lahadi da ƙauyukan Ƙonni, har da na turame da kujeru. A yau babban mai gogayya da masassaƙi shi ne mai walda, wanda ke ƙera mazaunin randa na ƙarfe, da kuma jarka da robar ruwa waɗanda ba su bukatar mazauni ko kaɗan.

3.8 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa kayan itacen dafa giya sun samo siffarsu ne daga bukatun aikin, watau shanya da tacewa da zaunar da randa, da kuma irin itatuwan da dajin yankin ya samar. An ga yadda jihadi da iyakar Turawa da dokokin baya suka raba giya da gidajen yankin Araba, amma gwafa da dirka suka zauna a bakin aikinsu. Barazanar da ke fuskantar su yanzu ta fito ne daga ƙarancin itace da shigowar ƙarfe da roba. Tun da yake itace ruɓewa yake yi, ba kamar kasko da ƙarfe da ake tonowa bayan ɗaruruwan shekaru ba, ya kamata gidajen tarihi da sassan nazarin Hausa su tattara samfurin waɗannan kaya da sunayensu daga bakin tsofaffin masassaƙa. Babi na gaba zai dubi sana'ar ginin tukwane, wadda ita ce abokiyar tafiyar sassaƙa a wannan fage.