Abin da Mai Kalangu Yake Ɓoyewa a Hammata

A filin dambe idon kowa na kan samarin nan biyu da suka naɗe hannu da kara. Da wuya a sami wanda zai waiwayi gefen da makaɗa ke tsaye, alhali daga can wutar take tashi. Mai kalangu na hango ɗan damben da ya sani ya shigo fili, sai ya matse tsarkiya da hammata, ya saki takensa. Nan take jikin saurayin zai ɗauki rawa, tsikarsa ta tashi, ya ɗaga hannu sama yana kirari har murya ta dushe. Wannan shi ake kira tsuma, kuma duk ɗan kallo ya san shi. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, mai kalangun ma tsuma yake yi. Shi dai ba shi da damar nunawa. In hannunsa ya yi rawa kiɗa ya ɓaci, in kiɗa ya ɓaci kuwa ya kunyata ɗan dambe da mawaƙi da kansa gaba ɗaya.

Tun da aka fara kiɗa a ƙasar Hausa haka aikin yake. Makaɗi mutum ne da ake biya ya tayar da zuciyar wasu, shi kuma ya danne tasa.

A da, yawancin makaɗa gadon abin suke yi, kuma kowace sana'a da abin kiɗanta. Kalangu na mahauta ne, shi ya sa ya bi su har filin dambe, wasan da su suka fi shahara da shi. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma ta manoma ce a ranar gayya. Tambari da kotso da taushi da jauje kuwa na fada ne, ba a buga wa talaka su ko da ya fi kowa kuɗi. Yaron da aka haifa a irin wannan gida ba a zaunar da shi a ce yau za a fara darasi. Da gwangwani yake farawa, ko fasasshiyar ƙwarya a bayan ɗaki. In ya ɗan tasa sai a ɗora masa ɗaukar kaya zuwa wurin biki, yana tafe yana sauraro. Daga nan a miƙa masa kuntuku, ƙaramin abin kiɗan da ke riƙe wa manya gindin kiɗa, kuma a nan ne yake fara sanin wahalar sana'ar.

Kuntuku ba ya magana. Bugu ɗaya ne ake maimaitawa, daga isha'i har wani lokaci zuwa asuba, ba ƙari ba ragi. Yaro na jin uwar kalangu tana zuba kirari a gefensa, hannunsa na ƙaiƙayin ya ɗan yi ado shi ma, amma da ya kuskura ya kauce sai harara ta biyo baya, ko ranƙwashi da gula. Tsofaffin makaɗa kan tuna waɗannan shekaru da haushi gauraye da dariya: gyangyaɗi a tsaye, kanta a tafin hannu, da jin cewa ba wanda ya san kana wurin sai ranar da ka yi kuskure. Sai dai kuma a cikin wannan maimaici ne wata rana abin yake faɗawa. Hannu ya daina jiran umarnin kai, yaro ya tarar yana kallon masu rawa yana murmushi, kiɗa kuma na tafiya da kansa. Makaɗa kan ce hannunsa ya faɗa. Daɗin wannan rana ya fi na kyautar farko, domin ita kyauta ta uban kiɗa ce, shi zai raba, amma wannan ba wanda zai karɓe masa.

Matakin da ke biye ya fi ban tsoro. Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai hawa da sauka da faɗuwa, kuma kalangu na iya bin su duka: a matse tsarkiya murya ta hau, a sassauta ta sauka. Don haka mai kalangu magana yake yi, mutane kuma suna jin abin da yake cewa. Kowane basarake da takensa, kowane ɗan dambe, kowane sarkin noma, har 'yan mata a dandali. Wanda ya buga wa mutum taken abokin gabarsa bai yi ƙaramin kuskure ba, zagi ya yi a bainar jama'a. Saurayin da aka fara sakar wa uwar kalangu yakan kwana yana bitar take a kan cinyarsa da yatsu, yana tsoron kada gobe ya haɗa na wane da na wane.

Ga kuma fata, wadda ba ta da amana. Da damina takan yi sanyi ta saki, murya ta mutu, sai an gasa ta a rana ko a gefen wuta. Da hunturu ta bushe ta ɗaure. Masu kotso da taushi suna da nasu aikin, na liƙa nake a tsakiyar fata har sai amon ya zauna inda kunne yake so. Karin maganar nan da ke cewa in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa, mutane na yin ta ne a kan wanda duniya ta yi wa daɗi. A wurin makaɗi zance ne na zahiri. Lokacin da fata ta ɗaure sosai, amo ya fita tas, taro ya haukace, a daidai lokacin ne gabansa ke faɗuwa, domin ya san bugu ɗaya mai ƙarfi na iya yage ta a tsakiyar waƙa. Daɗin da fargabar tare suke zuwa masa, a bugu guda.

A fada abin ya ɗauki wani salo. Littafin tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya shigo da kakaki cikin kayan sarauta, kuma tun wancan zamani amon fada ya zama shaidar mulki. Tambari ba abin nishaɗi ba ne. Ana buga shi ranar naɗin sarki, da jajiberin salla, da lokacin yaƙi a zamanin da ake yi. A manyan masarautu akwai al'adar sara, inda makaɗa da mabusa ke taruwa a ƙofar fada daren Juma'a su yi wa sarki kiɗa. Mai buga tambari ba ya murmushi, ba ya karkata jiki, ba ya neman ido. Abin da ke cikinsa kwarjini ne da nauyi, irin na wanda aka ba ajiyar da ta girmi kakansa. In gari ya ji amon nan ya san sarki na nan lafiya. Hakan ya sa ranar da sarki ya rasu, ko aka tuɓe shi, makaɗan fada na cikin waɗanda abin ya fi duka. Taken da mutum ya shekara talatin yana bugawa kullum, rana ɗaya ya rasa mai shi.

Ƙungiyoyin kotso da taushi na ƙasar Sakkwato da Zamfara su ne suka kai bita matsayin da ba a saba gani ba. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, da Sa'idu Faru, da Musa Ɗankwairo Maradun, duk waƙoƙinsu shiryayyu ne. Ana zama a gida a tsara su, a maimaita har kowa ya san inda zai karɓa. Yaran ƙungiya kiɗa suke yi da hannu suna amshi da baki a lokaci guda, wani lokaci ma su ƙarasa wa jagora ɗan waƙar da ya faro. Duk wanda ya saurari tsofaffin faya-fayen Ɗankwairo zai ji yadda muryoyi ke shiga cikin juna ba tare da karo ba. Irin wannan ba ya samuwa sai mutane sun daɗe tare har sun san numfashin juna. Shi kansa Ɗankwairo, wanda ya rasu a 1991, a gidan kiɗa ya tashi: ya bi mahaifinsa kiɗan noma, ya yi wa yayansa Kurna amshi, kafin ya ja tasa ƙungiyar. Natsuwar da ake ji a kiɗansa ta mutumin da ya taɓa zama a kowace kujera ce. A cikin irin wannan ƙungiya kuma akwai kishi, wanda ba a faɗa a fili: wa zai zama Daudun Kiɗa, wato mataimakin jagora, wa aka fi ba kaso in an raba riguna da dawaki, ɗan wa za a ɗora in jagora ya kwanta dama.

Akwai wani ciwo da ya fi duk waɗannan daɗewa. Bayan jihadin 1804 malamai sun tsananta a kan kiɗan wasa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa yawan kaɗe-kaɗe cikin halayen sarakunan da yake suka, ko da yake an bar ganga domin yaƙi da tara jama'a. Kiɗa bai mutu ba, fadoji ma sun ci gaba da nasu, amma makaɗi ya zauna da tabo. Ana kiransa maroƙi. Mutumin da ya yi rawa da kiɗansa daren jiya, ya liƙa masa kuɗi a goshi, shi ne zai hana ɗansa auren 'yarsa da safe. Makaɗa da yawa sun rayu da zuciya biyu: alfahari da cewa ba biki sai da su, da kuma wata ƙaramar kunya in an shiga sahun salla. Ba mamaki da yawansu, da zarar kuɗi sun samu, kujerar Makka suke fara biya, wasu kuma su rataye kalangu in tsufa ya zo su koma gona da carbi.

Mawaƙi Mamman Shata ya girgiza wannan tsari ta fuska biyu. Na farko, shi ba ɗan gado ba ne. A Musawa aka haife shi a gidan da ba a son ya yi waƙa. Na biyu, ya ɗauki kalangun mahauta da 'yan mata ya kai shi gaban sarakuna da attajirai da gwamnoni. Ga makaɗansa kuwa, aiki da shi wata irin jarrabawa ce ta kullum, domin an san Shata da ƙirƙirar waƙa nan take. Yana iya hango mutum a cikin taro ya faro masa sabuwa fil, kuma dole kalangu su kama ta kafin ya kai ƙarshen layin farko. A nan ba bitar da za ta ceci kowa. Sai kunne, da kallon kafaɗar maigida, da amincewa da na kusa da kai. Masu kalangun da suka saba da irin wannan sukan ji kiɗan shiri ya yi musu lami, kamar miya ba gishiri. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, makaɗa a ko'ina sun ji kamar an ɗan share musu wancan tabon. Sai dai sunan da ke kan takardar guda ɗaya ne. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai amon kalangun nan har Damagaram da zangon Kumasi, miliyoyin mutane sun haddace shi, amma kaɗan ne za su iya kiran sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka buga shi. Haka abin yake ga makaɗan mawaƙin dambe Ɗan Anace, waɗanda kalangunsu ya sa ɗan dambe Shago tsuma, da matan da suka yi wa mawaƙiya Barmani Coge kiɗan ƙwarya har ta rasu a 2013.

Daga ƙarshen shekarun 1990 sai ga fiyano. Masu shirya waƙoƙin fina-finan Kano suka gano cewa yaro ɗaya da Yamaha a ƙaramin ɗaki na iya fitar da amon kalangu da ganga da algaita a wuni guda, ba ciyarwa, ba kuɗin mota, ba fatar da za ta saki don hadari ya taso. Kusan a daidai lokacin, daga shekarar 2000, wasu jihohin Arewa da suka ƙaddamar da shari'a suka taƙaita kaɗe-kaɗe a wuraren taro, ciki har da Zamfara, mahaifar manyan makaɗan fada. Gidajen biki suka koma ga mai lasifika da kwamfuta. Tsohon mai kalangu da ya ji amon na'ura yakan gane ta tun bugu na uku: ba ta gaggawa in taro ya yi zafi, ba ta lafawa in tsohuwa ta shigo fili, ba ta san taken kowa ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yara na rawa da ita ba su ga abin da ya ɓace ba.

Inda na'urar ta kasa shiga shi ne inda ake bukatar tsuma na gaske. A gidajen dambe na Kano da Sakkwato da Abuja har Legas, kalangu na nan da ransa. A Nijar, gasar kokowa ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, ba ta yiwuwa sai da makaɗa a bakin fili. Ranar hawan salla ma tambura na bisa raƙuma a bayan sarki. A irin waɗannan wurare har yanzu za a ga yaro ɗan shekara goma sha biyu a bayan manya, kuntuku rataye a wuya, ido ya yi ja don barci, yana satar kallon hammatar ubansa ya ga yadda ake matse tsarkiya in za a kira sunan mutum.