Dangantakar Ƙiba da Lafiyar Dasashi a Tsakanin Matasa: Bitar Hujjojin Bincike

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar fitattun ayyukan da suka auna alaƙar ƙiba da ciwon dasashi a tsakanin matasa. An gano cewa alaƙar tana nan, amma ta fi bayyana bayan shekara 16, kuma hujjojin ba su kai a ce ƙiba ce sanadin ciwon kai tsaye ba.

Gabatarwa

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 yara da matasa fiye da miliyan 390 masu shekara 5 zuwa 19 nauyinsu ya wuce ƙima, wato kashi 20 cikin ɗari, daga kashi 8 a 1990. Shekarun balaga kuwa dama lokaci ne da dasashi ke saurin kumbura saboda sauyin sinadaran jiki, har matashi ya riƙa ganin jini a kan buroshi in ya goge baki.

Abin da Bincike ya Nuna

Tun 1977 Perlstein da Bissada suka lura da lalacewar dasashi a jikin ɓeraye masu ƙiba. Sai a 1998 Saito da abokan aikinsa suka kawo rahoton hakan a jikin mutane, daga ƙasar Japan. Al-Zahrani ya biyo baya a 2003 da bayanan binciken lafiya na ƙasa na Amurka, inda alaƙar ta fito a tsakanin masu shekara 18 zuwa 34, ba ta fito a wajen waɗanda suka fi su shekaru ba.

Aikin Reeves na 2006 shi ya fi dacewa da batunmu. Ya ɗauki matasan Amurka 2,452 da ba sa shan taba, masu shekara 13 zuwa 21. A rukunin 17 zuwa 21, kowane ƙarin kilo ɗaya ya zo da ƙarin haɗarin ciwon dasashi mai tsanani na kusan kashi 6 cikin ɗari. A rukunin 13 zuwa 16 kuwa, ba a ga komai ba. A Suwidin, Modéer ya tarar a 2011 cewa dasashin matasa masu ƙiba ya fi zubar da jini yayin awo, kuma ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi ya fi zurfi.

Tattaunawa

Kitse ba ajiya ba ce kawai. Yana fitar da sinadaran kumburi irin su TNF-alfa da IL-6 cikin jini, su kuma su tsananta martanin dasashi ga ƙwayoyin cutar da ke manne a gindin haƙori. Bambancin rukunonin Reeves na iya nufin cewa sai ƙiba ta jima kafin ɓarnarta ta kai ga ƙashin da ke riƙe haƙori.

Sai dai da sauran rina a kaba. Akasarin ayyukan nan awon lokaci ɗaya ne, ba su bi matasan shekara da shekaru ba. Yaron da ke yini da lemon kwalba da alewa zai iya tara teɓa da dattin haƙori a tare, ba tare da ɗayan ya haifi ɗayan ba. Talauci da rashin zuwa wajen likitan haƙori su ma suna shiga lissafin. Don haka binciken da ake buƙata shi ne wanda zai bi matasa tun daga shekara 12, yana auna ƙugu da zurfin ramin dasashi duk shekara, tare da rubuta abin da suke ci da yadda suke goge baki.