Kusurwar Kyamara

kusurwar kyamara (suna, tamace, jam'i: kusurwoyin kyamara). Matsayin da ake ajiye kyamara dangane da abin da ake ɗauka: sama da shi, ƙasa da shi, ko daidai idonsa. Da ita mai ɗaukar fim ke nuna wa mai kallo matsayin jarumi tun kafin ya buɗe baki.

Idan kyamara ta tsaya daidai ido, mai kallo da jarumi sun zama tsara, shi ya sa masu labaran talabijin suka riƙe wannan kusurwa. Idan aka ɗaga ta tana kallon ƙasa, mutum kan ƙanƙance, ya fito cikin rauni ko kaɗaici. Ta ƙasa kuwa kwarjini take ƙarawa; a fim ɗin Citizen Kane na 1941, Orson Welles ya sa an fasa daɓen wurin ɗauka don kyamara ta sauka sosai. Darakta Yasujiro Ozu na Japan ya fi son ajiye kyamara a tsayin wanda ke zaune a tabarma wajen ɗaukar hirar cikin gida. Akwai kuma karkatacciya, mai nuna ruɗani, wadda ta cika fim ɗin The Third Man na 1949.

Ɗalibin da ke haɗa gajeren fim na makaranta da wayar hannu ba ya bukatar kaya masu tsada: hawa benci ko durƙusawa ya wadatar, muddin labarin ne ya nemi sauyin.

Misali: "Sauke kusurwar kyamara, shugaban makaranta ya fito da kwarjininsa."