Ɗan giɓin da ya raba Golgi da Cajal

A watan Disamban 1906, a birnin Stockholm, aka bai wa likitoci biyu lambar yabo ta Nobel saboda aikinsu a kan tsarin jijiyoyin jiki. Ɗaya shi ne Camillo Golgi na Italiya, ɗayan kuma Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya. Da Golgi ya miƙe gabatar da laccarsa, sai ya ƙarar da ita wajen rusa ra'ayin mutumin da suka raba kyautar tare. Washegari Cajal ya hau mumbarin, ya kare abinsa da hujjoji. Saɓanin nasu a kan tambaya guda ne: shin ƙwaƙwalwa raga ce ɗaya da zarurrukanta ke haɗe, ko kuwa tarin ƙwayoyin halitta ne, kowace da iyakarta?

Tun kusan 1839 masana suka amince cewa jikin dabba da na tsiro an gina su ne da ƙwayoyin halitta. Ƙwaƙwalwa ce ta gagara. In aka yanki ɗan ɓallinta aka sa a ƙarƙashin madubin likita, sai a ga abu kamar zaren da ya sarƙe, ba a san farko ba, ba a san ƙarshe ba.

Golgi ne ya fara samo bakin zaren. A 1873, yana likita a wani asibitin masu doguwar jinya a garin Abbiategrasso kusa da Milan, ya mai da wani ɗakin girki wurin bincike. A nan ya gano cewa in aka jiƙa naman ƙwaƙwalwa a wani gishirin sinadari, sannan aka tsoma shi a ruwan sinadarin azurfa, ƙwayoyi ƙalilan ne ke rinewa, amma kowace takan yi baƙi ƙirin tun daga gindi har ƙarshen rassanta. Da yake sauran ba su rinu ba, sai siffar waɗanda suka rinu ta fito sarai. Sai dai Golgi ya dubi abin da hannunsa ya fitar, ya yanke cewa zarurrukan suna narkewa cikin juna su zama raga.

Cajal, wanda aka haifa a 1852, ya taso da burin zama mai zane. Mahaifinsa ya kai shi koyon aski, ya kai shi koyon dukanci, daga bisani ya ja shi zuwa likitanci. A 1887 ya ga rinin Golgi a Madrid, a wurin wani likita mai suna Luis Simarro. Dabarar da ya ƙara ita ce amfani da ƙwaƙwalwar tsuntsaye da ta 'yan tayin dabbobi, waɗanda jijiyoyinsu ba su gama lulluɓa da kitsen da ke hana rini shiga ba. Mai son gane siffar itace, gara ya je inda dashe ke ƙanana da ya kutsa kurmi. A 1888 ya ba da rahoton cewa kowane zare yana ƙarewa ne a kusa da ƙwayar da ke gabansa, ba ya shigewa cikinta.

Daga zane-zanensa aka fahimci ƙirar da ake koyarwa har yau. Ƙwayar jijiya tana da gangar jiki, da rassa masu yawa da ke karɓar saƙo, da dogon zare guda da ke fitar da shi. Wani zaren yakan kai kusan mita ɗaya, daga ƙasan laka zuwa ɗan yatsan ƙafa. Cajal ya riƙa sa 'yan kibiyoyi a zanensa don nuna cewa saƙo hanya ɗaya yake bi: daga rassa zuwa gangar jiki, sannan zuwa zare.

Da yake da Sifaniyanci yake rubutu, ba a kula shi ba. A 1889 ya ɗauki samfuransa ya tafi taron masana ƙirar jiki a Berlin. Babban malamin fannin, Albert von Kölliker, ya leƙa madubi ya gamsu, har ya koyi Sifaniyanci don karanta aikinsa. A 1891 Wilhelm Waldeyer ya yaɗa sunan "niyuron" ga wannan ƙwaya, a 1897 kuma Charles Sherrington ya kira mahaɗar ƙwayoyin biyu "sinafs".

Duk da haka, babu wanda ya ga giɓin da ido, domin ya fi ƙarfin madubin zamanin. A 1921 Otto Loewi ya nuna, ta gwaji da zuciyar kwaɗi, cewa jijiya tana sakin sinadari ne don isar da saƙo. Sai a tsakiyar shekarun 1950, bayan rasuwar Golgi a 1926 da ta Cajal a 1934, madubi mai aiki da ilektiron ya nuna giɓin ƙarara. Faɗinsa bai wuce nanomita 20 zuwa 40 ba, alhali nanomita miliyan ɗaya ne ke cika milimita guda.

A wannan ɗan giɓi ne magunguna da dama na farfaɗiya da na ciwon damuwa ke aiki. A nan ne kuma dafin wasu macizai ke tare saƙon jijiya zuwa tsoka, har numfashi ya tsaya. Da an zauna a kan cewa ƙwaƙwalwa raga ce, da babu inda za a nemi bayanin waɗannan abubuwa.

Golgi ma bai tashi a tutar babu ba. A ƙarshen shekarun 1950 aka gano wasu mahaɗai inda lantarki ke wucewa kai tsaye daga ƙwaya zuwa ƙwaya, abin da ya ɗan yi kama da ragarsa. Kuma har yau, ɗalibin da ke son ganin niyuron guda sukutum yakan koma ga rinin da aka haɗa a ɗakin girkin Abbiategrasso.