Optimus Prime: Motar da ke rikiɗa ta zama mutum-mutumi

Optimus Prime suna ne na wani mutum-mutumin ƙarfe mai rikiɗa ya koma kan tirela, shi ne kuma jagoran rundunar Autobots a labaran Transformers. Akasarin waɗanda suka san shi a ƙasar nan ta fina-finan Amurka suka san shi, shi ya sa ake zaton fim aka fara yi, sannan aka ƙera abin wasan yara da siffarsa. Ba haka aka yi ba. Hajar ce ta riga labarin zuwa duniya, labarin kuwa an ƙago shi ne don a sayar da ita.

Asalinsa Japan ne. A 1980 kamfanin Takara ya fito da jerin kayan wasa mai suna Diaclone, a 1983 kuma ya ƙara masa wata jar babbar mota da ya kira Battle Convoy, wadda idan aka lanƙwasa sassanta sai ta miƙe tsaye kamar mutum. A lokacin ba ta da rai a cikin labari, inji ce kawai da wasu ’yan ƙananan direbobin roba ke tuƙawa. Wannan ne dalilin da ya sa ƙirjin samfurin farko yake buɗewa, a ga wurin zama a ciki.

A shekarar ce wakilan kamfanin Hasbro na Amurka suka ga kayan a baje-kolin kayan wasa na Tokyo, suka sayi izinin sayar da su. Sun haɗa Diaclone da wani jerin na Takara mai suna Micro Change a ƙarƙashin suna guda, wato Transformers, sannan suka ɗauki kamfanin Marvel ya tsara musu labari. Babban editan Marvel na lokacin, Jim Shooter, shi ya shimfiɗa tushen labarin: ƙabilu biyu na injuna masu rai daga duniyar Cybertron, Autobots da Decepticons, sun kawo yaƙinsu doron ƙasa. Marubuci Dennis O’Neil ne ya raɗa wa jar motar sunan Optimus Prime, kalmomi biyu masu tushe a Latin da ke nuni ga fifiko da zama na farko. Japanawa dai sun daɗe suna kiransa Convoy.

An fara nuna zanen Transformers mai motsi a talabijin ɗin Amurka a watan Satumban 1984, shekarar da hukumar sadarwa ta ƙasar ta sassauta ƙa’idojin talla a talabijin. Masu suka sun ce shirin talla ce ta rabin awa da aka yi wa rigar labari, kuma da wuya a ce sun yi ƙarya. Sai dai muryar Peter Cullen, ɗan ƙasar Kanada, ta ba jarumin wani kwarjini da ba ya cikin lissafin ’yan kasuwa. Cullen ya sha faɗin cewa natsuwar muryar daga yayansa Larry ya kwaikwayo ta, wanda ya yi aikin soja a Vietnam.

Nan ne Hasbro ya yi tuntuɓe. A 1986 kamfanin yana son kawar da tsofaffin kaya daga kantuna don sababbi su samu wuri, sai aka kashe Optimus Prime tun kafin a kai tsakiyar fim ɗin The Transformers: The Movie, aka naɗa wani sabo, Rodimus Prime, a madadinsa. A idon kamfanin canjin kaya ne kawai, irin wanda kowane mai shago ke yi. A idon yara kuwa uba aka kashe musu. Iyaye suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi, fim ɗin bai yi ciniki a sinima ba, kuma a watan Fabrairun 1987 aka dawo da jarumin da rai a talabijin. Darasin ya shafi wani fim ɗin Hasbro, na G.I. Joe, inda aka sauya mutuwar jarumi Duke ta koma doguwar suma.

Samfurin 1984 shi ne abin da masu tara irin waɗannan kaya suka fi nema. Kan motar ja ne, mai shafaffiyar fuska irin ta Freightliner, ƙafafun shuɗi, wasu sassan na ƙarfe, tayoyin na roba mai laushi. Bayan tirelar mai launin toka yana buɗewa ya zama sansanin yaƙi, da wata ƙaramar mota mai suna Roller a ciki. Dunƙulen hannayensa cirewa ake yi kafin a mai da shi mota, saboda haka su ne suka fi ɓacewa a hannun yara, kuma rashinsu yana karya farashi ƙwarai.

Da yaran 1984 suka girma suka fara karɓar albashi, sai kasuwar ta biyo su. A 2003 Takara ya buɗe jerin Masterpiece da samfurin MP-1, wanda aka ƙera don manya su ajiye a kabad, aka bi shi da MP-10 a 2011 da MP-44 a 2019. A tsakani Takara ya haɗe da kamfanin Tomy a 2006, fim ɗin Michael Bay na 2007 kuma ya sauya wa jarumin siffa zuwa Peterbilt 379 mai dogon hanci da zanen harshen wuta, ya tara sama da Dala miliyan 700 a duniya. A 2021 kamfanin Robosen na China ya fito da wanda ke rikiɗa da kansa idan an yi masa magana, a kan kimanin Dala 700, Lego kuma ya yi nasa a 2022 mai sassa 1,508.

Ga mai sha’awar saye ko fatauci, kaya iri uku ne ke yawo da fuska ɗaya. Akwai na asali, mai ɗauke da tambarin Hasbro ko Takara a jikinsa. Akwai waɗanda kamfanonin da kansu suka sake bugawa daga tsohon zubi, halastattu ne amma darajarsu ba ta kai ta na 1984 ba. Sai kuma jabu, wanda wani lokaci har kwalin yakan kwaikwaya. Masu tarawa suna duba shekarar da aka hatimta a jiki, da ƙarfin gaɓoɓi, da ko an liƙa sitikun ko suna nan a takardarsu, da lafiyar kwali. Wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba shi ne mafi tsada. Masu arahar da ake gani a teburan ’yan koli lokacin Sallah, masu rikiɗa daga mota zuwa mutum, galibinsu ba su da alaƙa da Hasbro, ko da an shafa musu ja da shuɗi.