Gwanda da Abarba: Tarihinsu a Jinyar Miki

Duk wanda ya bi bakin titi a nan Sabo da la'asar zai ga 'yan uwanmu masu baro sun yanyanka gwanda da abarba sun ɗaure a leda. Mun daɗe muna cin abinci da sana'ar nan, amma kaɗan ne cikinmu suka san tarihin waɗannan 'ya'yan itatuwa a wajen jinya.

Su ma baƙi ne kamar mu. Asalin gwanda Amurka ta Tsakiya ne, abarba kuwa Kudancin Amurka, jiragen ruwan Turawa ne suka kawo su gaɓar Afirka ta Yamma. Iyayenmu mata sun san in aka naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda, sai ya yi laushi. A 1879 wasu Faransawa biyu, Wurtz da Bouchut, suka yi nazarin farin ruwan da ke fita daga ɗanyar gwanda, suka sa wa furotin ɗin da ke cikinsa suna papain. A 1891 Vicente Marcano, mutumin Benezuwela, ya gano irinsa a abarba, wanda ake kira bromelain. Shi ne ke sa harshe zafi in an sha abarba da yawa.

To ina ruwan wannan da miki? Ai a ƙuna ko gyambo, mataccen nama ne mazaunin ƙwayoyin cuta. Jini ba ya kai wa wurin, don haka maganin da aka haɗiya ma da ƙyar yake isa. Furotin ɗin nan narkar da mataccen naman yake yi, sabo ya samu damar tsirowa.

A 1999 likitocin Asibitin Royal Victoria da ke Banjul a Gambiya suka wallafa yadda suke sa markaɗaɗɗiyar gwanda a ƙunar yara. A 2012 Tarayyar Turai ta amince da NexoBrid, maganin ƙuna da ake haɗawa daga jikin shukar abarba, Amurka ta bi sahu a 2022. Awa huɗu yake yi a kan ƙunar, a asibiti, bayan an ba da maganin kashe zafi.

Sai dai fa ba a rasa cikas ba. A 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta hana sayar da man shafawa mai papain da ba ta tantance ba, saboda jikin wasu bai karɓe shi ba, har ya kai su ga halin rai kwakwai mutu kwakwai.

Muna tuna wannan ne don a unguwar nan muna da mahauta da 'yan suya da wuƙa ko wuta ke taɓawa, ga dattawa masu ciwon suga. Da yawanmu kan fasa kafso mu barbaɗa a miki, mu ɗaure da tsumma, har sai ƙafa ta fara wari. Shekara 121 aka yi tsakanin binciken Marcano da NexoBrid, ana gwaji ana auna ƙima. Don haka kada wani ya je ya manna ɗanyar gwanda a gyambo. Mikin da ya kumbura, ko ya fara mugunya, ko ya zo da zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.